Hannun da Zailani Bai Ɗaga Ba

Direbobin da ke bin hanyar Gwarzo zuwa Kabo sun fi sanin bayan tifar Zailani a kan fuskarsa. Tsohuwar tifa ce, shuɗiya a da, yanzu kuwa launinta sai wanda ya halicci ƙarfe. Yashi take ɗauka daga rafi zuwa wuraren gini, in ta kama hawa sai ka rantse tura ta ake yi. Hawainiya suke ce masa a tasha, shi kuma ya amsa da fara'a, har ya ƙara musu da cewa sannu ba ta hana zuwa. In wani mai bakin tsiya ya ƙarasa masa, ya ce sai dai a daɗe ba a je ba, sai ya ce ai dai an je.

Ba jinkirin ne ya fi ba su haushi ba, rowar hannu ce. Hanyar siririya ce, mota ɗaya tafiya ɗaya dawowa, ga hawa ga kwana. Wanda ke bayan babbar mota ba ya ganin gabansa, don haka direbobi suka saba da wata al'ada tun kafin a haifi yawancinsu: na gaba, da yake yana sama yana hangen nesa, in ya ga hanya ta yi fili sai ya zuro hannu ta taga ya yafito na baya, wato zo ka wuce. Da yawa suna ba da hannun nan kamar sadakar goro, don kawai a daina danna musu hon. Zailani kuwa ko za ka danna har batirinka ya mutu, in bai ga kwalta da idonsa har ƙarshenta ba, hannunsa na kan sitiyari. Amma in ya ba ka, ko idonka a rufe kana iya wucewa. Masu zaginsa ma sun san haka.

A wata ruga kusa da Durun aka haife shi, gidan da a da ake ƙirga arziki da ƙaho, kafin shanun su ragu a koma ga garma. Bai san mahaifiyarsa ba, yana rarrafe ta rasu. Yayarsa Badi'a ce ta goya shi, ita ma lokacin ba ta fi a goya ta ba. Ita ta ɗura masa koko, ita ta yi dambe da yaran da suka dake shi a kiwo, da aka yi mata aure ma da shi ta tare, ya girma a zauren mijinta. In Zailani ya ce Yaya, abin da wasu ke nufi da Inna yake nufi.

Da ya tasa sai ya bar sandar kiwo ya zama karen mota a wurin wani tsohon direba a Gwarzo. Wata rana don rawar kai ya leƙo ya yafito wata mota da ke bayansu. Ba abin da ya faru, motar ta wuce lafiya, amma maigidan ya gangara gefe ya tsaya, ya kama hannun ya murɗe shi sai da ya yi ƙara.

"Ka ga hanyar?"

"Ban gani ba, maigida."

"To ran mutum nawa ka yafito?"

Zailani bai sake ba. Ya yi shekara da shekaru yana wanke mota da ɗaure taya kafin a ba shi sitiyari, kuma da wannan murɗar ya hau.

Shi ya koya wa Mahbub tuƙi, ɗan Yaya Badi'a, namiji ɗaya tilo cikin 'ya'yanta. Yaro ne mai hannu, wannan ba ƙarya, abin da wani zai yi wata yana koyo shi a mako ya iya. Ga fara'a ga kyauta. Aibinsa ɗaya, ba ya son ganin bayan wata mota. Da wani Alhaji ya ba shi ƙaramar motar haya yana jigila zuwa Kano, sai ya zama in wasu sun yi sawu biyu shi ya yi uku, fasinjoji masu sauri suna jiran layinsa, suna zuga shi, direba taka mana, ai kai ne maganin hanya. Zailani ya yi masa faɗa a gida, ya yi masa a tasha, ya kai ƙara wurin uwarsa. Mahbub sai ya durƙusa yana murmushi ya ce, "Kawu, in sha Allahu an daina." Washegari ka gan shi ya wuce kamar an jefa dutse.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, cikin bazara, rana ta fara zafi. Zailani ya ɗauko yashi yana hawan wani tudu kafin mararrabar Gammo, inda ba ka ganin abin da ke zuwa sai ka kai ƙoli. Ya ji hon a bayansa, ya duba madubi ya gane motar. Hannayensa biyu na kan sitiyari, domin tifar na nishi, yana lallaɓa ta. Mahbub ya sake dannawa, ya leƙo ya koma, ya leƙo ya koma, sannan ya fito gaba ɗaya. Daidai nan wani mai babur ya ɓullo daga kan tudun, ɗauke da buhun takin zamani. Babu inda zai kauce. Zailani ya taka burki har yashi ya zubo kan rufin, amma ƙarar karon ta riga shi.

Sajo sunan mai babur ɗin, manomi ne daga Gammo, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Zailani ne ya tallafo kansa a gefen kwalta yana laƙanta masa kalmar shahada. Kafin a sa shi a mota ya cika. Fasinjojin Mahbub suka tsira da ƙujewa, shi ma haka.

Mutanen Gammo suka yi abin da aka san su da shi. Mahaifin mamacin, tsoho mai farin gemu, ya ce kwana ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira, ba sa son shari'a. Da aka je gaisuwa Zailani ya zauna a bakin tabarma ya kasa haɗa ido da shi. Maganar hukuma ta mutu a nan. Saura ta tasha, domin shugabannin direbobi suna da tasu doka: wanda ya sha gaban babbar mota a kan tudu da gangancinsa har aka rasa rai, ya bar layi ke nan, kuma in labari ya bazu ba mai mota da zai sake miƙa masa mukulli. Amma in na gaba ne ya ba shi hannu, sai a ce tsautsayi ne da kuskuren gani, a ja kunne a wuce wurin. Da aka tambayi Mahbub, sai ya ce Kawu ne ya ba shi hannu.

Labarin ya iske Zailani yana alwala. Ya daɗe da buta a hannu. Bai yi mamaki ba sosai, mai tsoro yana kama abin da ya fi kusa da shi, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ana gobe za a yi zaman tasha a kan maganar sai ga Yaya Badi'a da kanta, bayan la'asar, ita da ba ta taka ƙafa gidan ƙani sai suna ko rasuwa. Matarsa ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, ta shige ɗaki. Zailani ya durƙusa suka gaisa, gida, yara, zafi, ya muka ji da wannan abu. Sai ta ajiye kofin.

"Zailani, ban taɓa roƙonka komai ba."

"Haka ne, Yaya."

"To yau na zo. Gobe in an tambaye ka, ka ce ka ba shi. Ko ka ce ba ka tuna ba. Kai babba ne, ba wanda zai taɓa ka, kowa ya san halinka, za a ce ido ne ya yi maka gardama. Masu gawa sun yafe. Wa za ka cuta?"

"Yaya, ban ɗaga ba."

"Na sani!" Muryarta ta tashi. "Ce maka aka yi ban san abin da na haifa ba? Na sani sarai. Amma da me zai ci da iyalinsa? Matarsa ga ciki. Ni na goya ka, bayana bai gama ƙwari ba na goya ka. Kalma ɗaya ce."

Zailani ya sunkuyar da kai. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya yi nauyi. Da kuɗi ta nema, ko gona, ko tifar kanta, da kafin ta rufe baki ya miƙa. Yana jin hawaye na taruwa, yana jin kunyar gardama da ita irin wadda bai taɓa ji ba. Amma yana kuma jin nauyin kan Sajo a tafin hannunsa.

"Yaya, yafiya tasu ce, sun yi, Allah ya ba su lada. Ni ba ni da abin yafewa a ciki. In na ce na ba shi, jibi yana kan hanya da mutum bakwai a mota, kuma ya koyi cewa in ya kashe akwai mai ɗauke masa. Na gaba ba lalle mai babur ba ne. Tirela ce. Ni zan kawo miki shi a tabarma?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Amin, Yaya. Amma ba zan faɗa ba."

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ya bi ta zai raka ta bakin titi, ta ce ya koma, ta san hanya.

An yi zaman a rumfar tasha, direbobi da 'yan kamasho sun cika har waje. Alhaji Hadi, shugabansu, mutum ne mai son a rabu lafiya, kuma kowa ya ga yadda ya shimfiɗa wa Zailani hanya. Ya yi doguwar magana a kan ƙaddara, ya ce ɗan Adam ajizi ne, ya ce wani lokaci hannu kan fita taga don shan iska, na baya ya ɗauka kira ne. Sannan ya juyo.

"Malam Zailani, ko dai haka aka yi?"

Mahbub na zaune a ƙasa, ya ɗago ido yana kallon kawunsa irin kallon da yake yi masa yana ƙarami in ya yi ɓarna.

"Alhaji, Allah ya ƙara girma. Hannuna biyu na kan sitiyari. Ban ba shi ba, ban kuma fitar don iska ba. A kan tudu muke, ni kaina ban ga hanya ba. Ɗana ne, ni na koya masa, kuma ina son sa. Shi ya fito."

Wani daga baya ya ce, "Haba Hawainiya, ɗan 'yar'uwarka ne fa!"

Zailani ya waiwaya. "Kai ma kana bin bayana. In na zuro hannu gobe, so kake ka tsaya kana tunanin ko na gaskiya ne?"

Alhaji Hadi ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu, Mahbub ya zaro mukulli daga aljihu ya ajiye a kan benci.

An yi ta maganar a Gwarzo da Kabo. Wasu suka ce ya yi daidai, wasu suka ce taurin kai ne da rashin kara, har da masu cewa wanda ya iya tona asirin ɗan yayarsa ba abin yarda ba ne. Abin haushi, waɗanda suka zuga yaron ya taka ba wanda ya ambace su, sun sami wani direban suna zuga shi. Mahbub ya koma Durun ya kama noma. In sun haɗu yana gaishe da kawunsa, a taƙaice, idonsa a ƙasa. Matar Mahbub ta haihu, ba a aiko wa Zailani goron suna ba. Ya je duk da haka, ya zauna cikin baƙi, ya yi addu'a ya tafi.

Yanzu damina biyu ke nan. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai Zailani ya ajiye tifa ya hau babur zuwa Durun. Ya yi sallama a ƙofar sashen Yaya Badi'a, ta amsa, don amsa sallama wajibi ne. Ya shiga ya durƙusa nesa da tabarmarta. Matarsa ta ce ya huta haka, dattawa sun shiga tsakani sun gaji, shi kuwa ko fashi bai taɓa yi ba.

Juma'ar da ta wuce ya same ta tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta rame, ya lura, abin ya sosa masa rai. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Malam Zailani, ka zo ne ka ce ka ɗaga?"

"A'a, Yaya. Na zo gaishe ki."

"To ka gaishe ni."

Ya ɗan jima a durƙushe ko za ta ƙara wani abu. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya sa takalmi.

"Sai Juma'a, Yaya," ya ce.