Irin Hatsin da Yaya Haruna Ya Ƙi Dakawa

Bana shekara talatin ke nan da muka kai yayana Haruna makwancinsa a ƙauyenmu, arewa da Mayahi, ta wajen Issawane. 'Yan uwa kan ce mini in bar tone-tone, addu'a kawai mamaci yake bukata. Addu'a ina yi masa kullum. Tone-tonen na masu rai ne, kuma yau sai na yi shi, don abin da na ji a rediyo makon jiya ya fama mini tsohon miki.

Wani babba aka tambaya ina hatsin da ya yi wa mutanen karkara alkawari lokacin neman ƙuri'a. Ya gyara murya, ya ce jama'a su yi tawakkali. Na kashe rediyon. Na san maganar nan, na kuma san bakin da na fara jin ta.

A shekarun farko na samun 'yancin kai, gyaɗa ta hau wa mutane kai. Akwai wani Alhaji mai sayenta a Tasawa, wanda kuma shi ne idon jam'iyya a yankinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, albarkacin jikokinsa, ba albarkacinsa ba. Da kaka ya zo ya tara magidanta a gindin gawo, ya ce noman hatsi wahalar banza ce. Kowa ya mai da gonarsa ta gyaɗa, shi kuma in damina ta yi tsakiya zai kawo hatsin ci da kamiyo, babbar motar kaya, har ƙofar gida. "Ku bar mini cikkunanku," in ji shi.

A wurinmu, in an yi girbi akan zaɓi zangarniyar da ta fi cika a ɗaure ta daban a rumbu. Iri ke nan, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi. A ranin nan gida bayan gida aka kwance dammunan iri aka daka, tunda an ce ba za a sake shuka shi ba. Yaya kaɗai ya ƙi. Tun a gindin gawon ya faɗi tasa: "Alhaji, ranka shi daɗe, kamiyo na lalacewa bisa hanya, kai ma kana iya kwantawa ciwo. Ni ba ni ba wanda ka iya mutuwa ajiyar cikin ɗiyana."

Suka sa masa suna maƙiyin ci gaba, kuma a lokacin wannan suna yana iya kai mutum gaban kumandan, mai mulkin yanki. Ya kira gayyar sharar gona, ba wanda ya zo. Mu biyu muka yi ta, muna jin mutanen da muka tashi tare suna wucewa suna dariya.

Ruwa ya yi jinkiri. Yaya ya yi binne, wato ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ya rufe, ya bar wa Allah sauran. Aka yi ɗan yayyafi, shuka ta fito, rana ta ƙone ta tas. Rabin iri ya tafi ke nan. Rumbunmu kuwa ya yi ƙasa, yara sun fara kwana da ruwan kunu. Ragowar damin nan yana iya ci da gidan na ɗan lokaci. In ya shiga ƙasa ya sake mutuwa, ba tuwo ba iri. Matarsa Hajo ta tsaya a bakin rumbu tana hawaye. Yaya ya sussuke shi, ya yi bisimilla, ya koma gona.

Gyaɗar mutane, da aka shuka a makare, ba ta yi 'ya'ya ba. Kamiyo bai zo ba. Na raka maƙwabcinmu Tanko da wasu magidanta zuwa Tasawa a ƙasa, muka zauna a ƙofar Alhaji har ya ga damar fitowa, da carbi a hannu. Ya dube mu kamar bai taɓa ganin fuskokinmu ba. "Ku yi tawakkali mana. Ni na hana ruwa sauka?" Daga baya muka ji hatsin ya ƙetare iyaka, inda ya fi tsada. Kafin kaka Tanko ya binne 'yarsa ƙarama.

Wannan shi ne abin da ban yafe ba. Mutum ya ce ka saki Allah ka kama shi, in ka kama ya zame, sannan ya juyo ya yi maka wa'azin dogaro ga Allah. Da Yaya zai tashi yau, da ya tarar an ƙware a sana'ar. Alhajin zamaninmu ɗaya ne. Na yanzu suna zuwa da jerin motoci da lasifika, mu kuma muna tafa musu kamar ba mu taɓa binne kowa ba.

Shukar Yaya ta biyu ta kama. Ba wani abin kirki aka samu ba, amma an samu. Da bazara ta kewayo, waɗanda suka ƙi zuwa gayyarsa suka yi ta sallama a ƙofarsa, kai a sunkuye. Da ni ne, da na kore su. Shi ya riƙa cika musu tafi yana zubawa a bakin riga. Wani ya ce dabararsa ce ta ceci gari, ran Yaya ya ɓaci. "Wace dabara? Ta hwarko da ta mutu, ba ni na shuka ta ba? Kada ku saki Alhaji ku kama ni."

Bai bar gidan siminti ba, ko hotonsa ba mu da shi. Amma hatsin da ake shukawa a ƙauyen har yau Ɗan Haruna ake ce masa, kuma yawancin masu cinsa ba su san ko wane Haruna ba ne. Bana ma an yi mana alkawarin iri daga Tasawa, ana ta jira. Ruwa bai sauka ba tukuna. Ni dai na binne nawa.