Kilo Ɗaya a Bayan Keken Akawu

Bangon da ya raba ɗakina da falon Akawu bulo ɗaya ne, ko cokali ya faɗi a can ina ji. Wata Asabar da hantsi sai na ji muryar 'yarsa ta ɗaga.

"Baba, duk shagon babu kamarta. Ka buɗe ta mana ka gani."

"Na gani, Uwata. Har a sikeli na ɗora ta. Kilo uku da rabi, ban da wayar caji. Kwamfuta kika sayo mini ko turken ɗaure akuya?"

"To ka zauna a gida ka yi aiki da ita. Korar ka aka yi?"

"Yauwa. Yanzu kika faɗi abin da ya kawo ki."

Ƙofa ta bugu.

Akawu shekararsa sittin da huɗu. Talatin daga ciki ya yi su ne a gaban tafireta, daga baya kwamfuta, yana buga wasiƙun wasu mutane a wani ofishi mai fanka ɗaya. Kullum a keke yake zuwa, a keke yake komawa, har abokan aiki suka gaji da yi masa ba'a. Matarsa ta yi jinyar shekara bakwai, shi yake juya ta, shi yake ba ta magani, ta rasu bara. 'Yarsu ɗaya, nas ce, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiran ta Uwata.

Bayan rasuwar ne ya fito da maganar tafiya: mako shida a kan keke, gari zuwa gari, shi kaɗai. Ya sayo sikelin kicin ya riƙa auna komai, famfo, kayan faci, bargo, har buroshin haƙori sai da ya yanke wa mariƙi. Abu ɗaya ya rage masa, ƙaramar kwamfuta. In an tambaye shi sai ya ce don taswira, alhali wayarsa tana nuna taswira tsaf. Ni a ganina ba ƙasa yake son gani ba. Yana neman inda ba wanda zai tare shi da "ya ƙarin haƙuri", da kuma takarda ɗaya a duniya da ba wani ne ya ce ya buga ba.

Ita ma 'yar ba kyauta ta yi ba tsakani da Allah. Ta zaɓi mai faɗin fuska, mai batirin da ba ya wuce awa biyu, wadda ba ta rabuwa da soket. Ta san hawan jininsa da lambobinsa, kuma ta riga ta rufe fuskar mahaifiyarta. In kwamfuta ba ta hau keke ba, Baba ma ba zai hau ba.

Ran Litinin ya ce in raka shi wurin Injiniya, mai gyara da sayar da kwamfutocin hannu a bayan kasuwa. Muna shiga muka tarar da 'yarsa zaune a benci da kayan aikinta, wai wucewa take yi. Injiniya kuwa ya ƙi haɗa ido da kowa.

"Baba, gaskiya keke da kwamfuta ba sa shiri," in ji shi, kamar mai karanta hadda. "Girgiza kaɗai za ta kashe ta."

"Mai faifan da ke juyawa a ciki, ita girgiza ke kashewa," in ji Akawu. "Kawo mini wadda ba abin da ke motsi a cikinta. Ban son mai fanka, ƙura za ta sha. Kuma ta ci caji da irin wayar da nake cajin waya, ba zan ɗauki igiya biyu ba."

Injiniya ya saci kallon nas ɗin, ya sosa ƙeya, ya shiga ciki. Sana'a ta fi ƙarfin alkawarin da ya yi mata na hana uban saye. Uku ya fito da su.

Ta farko gilashi ce zalla, ba madannai, ba ta kai nauyin faranti ba. Na ɗauka ita zai ɗauka, mutumin da ya yanke buroshi. Ya shafa ta sau ɗaya ya ture.

"Wannan ai madubi ne. A ina yatsa zai san ya iso gida?"

Ta biyu sabuwa ce fil, siririya, mai sheƙi. Ya rufe ido ya ɗora yatsu, ya danna layi ɗaya, ya yamutsa fuska. Ya ce madannan sun yi lagwaf, kamar gaisawa da mai jin barci.

Ta uku tsohuwa ce baƙa, gefenta ya goge, ba ta fi littafin rajista girma ba. Ya sake rufe ido. Manunansa biyu suka yi lalube har suka sami 'yan ƙusoshin nan da ake sa wa madannai biyu na tsakiya, sai kafaɗunsa suka sauka. Ya fara bugawa. Ban taɓa jin irin wannan sauri ba, kamar ruwan farko a kan kwano. Wani da ya kawo gyara ya bar abin da yake faɗa ya juyo. Akawu ya rufe murfin, ya zaro sikeli daga jaka. Kilo ɗaya da 'yan kai.

"Saura jarrabawa," ya ce.

Ya naɗe ta a tawul, ya sa a jakar kariyar kekensa, ya ɗaure da roba, ya hau ya nufi hanyar gargadar da ke bayan layin masu walda. Muna tsaye a bakin shago muna kallo yana faɗa wa ramuka da gangan, zagaye uku. Ya dawo ko haki ba ya yi, ya kwance, ya miƙa wa 'yarsa.

"Ke kika fi son ta mutu. Buɗe."

Ta buɗe, fuskar ta kawo nan take. Abin da ya buga ido rufe yana nan, kuma da yake ina gefenta na karanta layin farko: "Rana ta ɗaya. Na fita lafiya. Uwata ta yi fushi, amma ta cika mini gorar ruwa." Ƙarƙashinsa akwai sakin layi guda, a kan hannun matarsa a shekarar ƙarshe. Wannan ban ƙarasa karantawa ba, na kau da kai.

Ta karanta rubutun har ƙarshe. Da ta ɗago, Injiniya ta fuskanta.

"Awa nawa batirin yake yi? Kar ka yi mini ƙarya, ka ga yadda ta ɗazu ta ƙare."

"Tara, Anti. Goma in ya rage haske."

"Ka ƙara masa fawa banki. Mara nauyi, in ba haka ba yanke shi zai yi." Ta juya ga uban. "Kullum da safe ka auna jini ka turo mini. Ranar da ban gani ba, mota zan ɗauko."

Ran Alhamis da sassafe ya fito da keken zuwa soro, jaka biyu a baya, farantin sola a shimfiɗe a kansu. Dokin ƙofarmu yana da tudu, 'yarsa ta kai hannu za ta kama masa kariya, ya girgiza kai. Ya ɗaga keken da kayansa gaba ɗaya, ya dire shi a kan titi, ya gyara hula, ya ɗora ƙafa a feda.

"Ki rufe ƙofar da kyau, Uwata," ya ce. "Ba yau zan dawo ba."