Idon da Mai Tayil Yake Rufewa

Mai Tayil muke ce masa a layinmu, har matarsa ma in ta so tsokana. Aikinsa shimfiɗa tayil a gidajen mutane, kuma bai taɓa yarda ya ja igiyar saita layi ba. Durƙusawa yake yi a bakin ƙofa, ya rufe idon hagu, ya saita da na dama, layi ya fito ɗoɗar. Shekara da shekaru a haka, har ko hira yake yi idon nan a kanne yake.

’Yarsa tana shara a asibitin ido. Ita ta dame shi da zancen wata na’ura mai ɗaukar hoton can cikin ido, ba allura ba wuƙa: ka ɗora haɓa, haske ya wulga, shi ke nan. Ta ce masu ciwon suga irinsa ake so su je tun ba su ji komai ba, don cutar a ɓoye take ci. Ya ce idon da ko igiya ba ya nema, me na’ura za ta gaya masa?

Da ta gaji, ta roƙe shi ya gwada a tsakar gida, ya rufe ido ɗaya ya dubi layin tayil, in ya ga ya lanƙwashe to akwai matsala. Ya rufe na hagu, kamar kullum. Layi miƙe.

“Saura ɗayan, Baba.”

“Ke, ai tare aka haife su.”

Aka yi dariya, aka tashi.

Sai ran nan a kicin ɗin wani gida layi ya karkace masa. Ya ɓamɓare tayil, ya sake shimfiɗawa, ya zagi masu buga tayil ɗin, ya sake ɓamɓarewa. Mai gidan ne ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa tun farko aikin daidai yake.

Da ’yarsa ta kai shi asibiti, likita ta nuna musu hotuna biyu. Idon hagu, in ji ta, tsakiyarsa ta daɗe da mutuwa, bai lura ba tunda kullum a rufe yake. Na dama ya kama hanya. Za su yi ƙoƙarin riƙe abin da ya saura, amma ba ta yi alkawari ba.

Yanzu yini yake a zaure, aiki ya tsaya. Duk abin da ya kalla kai tsaye duhu ne, sai gefe-gefe. Jiya na shiga gaishe shi, matarsa ta kawo ruwa ta tsaya a gabansa.

Ya ce, “Ɗan matsa gefe mana, in gan ki.”