Daɓen da Ya Daina Kuka

Mijin yayata, Bang Deok-su, makaho ne, kuma shi ke yi wa wasanta kiɗa. Mutane kan yi dariya in sun ji haka, don Yaya Mal-sun wasan bebaye take yi: ta shafa farar hoda, ta hau dandamali, ba ta cewa uffan. Ni kuwa nawa sayar da tikiti ne da baki.

Ɗakin wasanmu yana saman wani shagon gasa kaji a garin Chuncheon, kusa da tafki. Daɓensa na tsohon katako ne, kowane falanki da irin kukansa. Da wannan kukan Deok-su yake ganin matarsa. In ta taka, sai ya ja gogensa mai tsirkiya biyu, ya bi ta. Duk kiɗan daga kansa ya fito.

Akwai wani kiɗa da ya fi so, ya sa masa suna Zalɓe. Yakan ce yana ganinta fara fat, tana ɗage a bakin ruwa, tana miƙa fiffike cikin hazon safiya. Wata rana na buɗe baki zan gyara masa, Yaya ta take mini ƙafa.

Sai mai ginin ya yi mana abin arziki, wai. Ya cire katakon, ya zuba siminti, ya shimfiɗa roba mai laushi.

Ranar gwaji Deok-su ya zauna da goge a cinya, ya karkata kai.

"Tsohuwa, kin fara ne?"

"Har na kusa gamawa."

"To, ni kin ɓace mini."

Bai ci abinci ba ranar. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ni da ba na raga masa.

Ran Asabar da yamma ɗakin ya cika, ƙamshin kaji na tasowa daga ƙasa. Yaya ta fito, ta tsaya. Can sai ta taka har inda yake zaune, ta juya, ta jingina bayanta da nasa. Ta ɗaga hannu a hankali, kafaɗarta ta motsa a jikinsa, gogen ya amsa. Haka suka yi wasan duka, baya da baya, fitila tana lilo a kansu. Kiɗan ya fito dabam, ya yi taushi har na manta inda nake.

Da aka watse, na same shi yana share ido, Yaya na gefensa.

"Tsohuwa, wannan ai ba fiffike ba ne. Sunkuyawa kike yi, ki matse, ki kaɗe, ki rataya."

"Sai yau ka gane?"

"Shekara da shekaru ina yi wa zalɓe kiɗa, ashe shanya kike yi?"

Yaya ta goge hodar fuskarta da hannun rigarsa.

"Wankinka ne, Tsoho. Tun ranar farko naka nake shanyawa."