Zayyanu, Wanda Za a Sallama Don Yana Goge Layuka

Ƙarfe bakwai na safe Malam Zayyanu yakan baro Gesse a kan babur, ya shiga shagon intanet kafin ɗalibai su cika shi, sannan ya wuce ofis inda yake gyaran kwamfuta. Abin da yake yi a shagon ba wanda ya sa shi. Akwai manhajar da masana na ƙasashe da yawa ke ginawa kyauta, kuma a cikinta akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwar kwamfuta lokacin da za ta yi gudu da lokacin da za ta lafa. Nan yake shara. In ya ga layin umarni an maimaita a rubutun manhajar, ya goge. In ya ga suna mai rikitarwa, ya sauya. Ya aika, masu kula da manhajar su duba, su karɓa. Shekara biyar kenan.

To, bana ofishinsu ya kafa kwamitin rage ma'aikata, aka ce kowa ya kawo shaidar ƙwarewarsa. Bawan Allah ya buga aikinsa a takarda ya kai. Shugaban kwamitin ya ga layukan da aka cire sun fi waɗanda aka ƙara, ya ture takardun.

"Wanga ai gogewa ɗai shika yi," in ji shi. "Mi ya rubuta?"

Suka sa sunansa cikin waɗanda za a sallama ƙarshen wata. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba. Haba! Mai cire ciyawa a fadamar Zauro, don bai dasa shinkafa ba sai a ce bai yi noma ba?

Malam Zayyanu, kai ne ka gano, garin wannan sharar, layin da ke hana ƙwaƙwalwar lafawa ko ba ta aikin komai. Mun gode, Allah Ya saka. Matasanmu masu koyon kwamfuta, ku koyi tsabtace aikin da wani ya bari.

Kwamitin zai sake zama ranar Alhamis. Baiwa, mai rajistar marasa lafiya a wani asibiti a Argungu, a da kwamfutarta kan yi zafi ta mutu kafin azahar in an ɗauke wuta. Tun da Malam Zayyanu ya sa mata gyararriyar manhajar, takan kai la'asar ba ta yi zafi ba. Ta ce za ta shigo mota ta kawo wa kwamitin ita.

"Tunda ba su iya karatun aikinai," in ji ta, "su sa hannu su taɓa."