Ranar da Kakana Ya Faɗi Sunan Ƙanensa a Gaban Jama'a

Bana shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar kakana, Malam Bawa Maƙeri. A Gusau ya rasu, da damina, ya haura tamanin, ni kuma lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba. Duk shekara idan watan ya zagayo mukan taru a gida mu yi masa addu'a mu watse. Bana na ga ya dace in rubuta wani abu a kansa, saboda wani taro da na halarta makon jiya.

Taron na iyayen yara ne, a wata sakandaren gwamnati da ke cikin gari, inda jikana yake karatu. Ɗalibai sun yi faɗa, 'yan wannan unguwa da 'yan waccan, har aka sari wani yaro a kafaɗa. Aka kira mu mu zaɓi sabon kwamitin da zai sa ido a kan makarantar. Ina zaune ina kallon 'yan takara, sai labarin Malam Bawa ya faɗo mini.

Shi da kansa ya ba ni labarin, sau biyu kacal, yana gyara bakin fartanya bai ko dube ni ba. A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, gari ya cika da baƙi, ga makarantar boko sabuwa. Mutane ba sa son kai 'ya'yansu, don haka aka riƙa ɗebo yara daga ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu ana ajiye su a gidajen mutane. Mahaifin su Malam Bawa ya riga ya rasu, shi ke riƙe da ƙanensa Ango, kuma Ango na cikin 'yan garin da aka rubuta.

Yaran gari ba su ƙaunar baƙin ɗaliban. Suna yi musu dariyar magana da ta sutura, suna tare su a hanyar rafi. Baƙin suka haɗa kai su ma. Malamin makarantar bai da makami sai bulala, bulalar kuwa ba ta hana komai ba. Wata rana bayan an tashi, aka yi jifa, wani abu ya sami wani yaro ɗan ƙasar Bunguɗu mai suna Jatau a idon hagu. Idon bai ƙara gani ba.

Aka tambayi yara wa ya yi jifar, ba wanda ya buɗe baki. Iyayen baƙi suka zo suka ce za su kwashe 'ya'yansu. Sai wakilin hakimi ya tara kowa a gindin tsamiya, ya ce a zaɓi mutum uku da za su riƙa lura da makarantar, kuma su ne za su yanke hukunci a kan wannan magana. Babu ƙuri'a a lokacin. Wanda aka ambata zai miƙe, masu son sa su tsaya bayansa. Mutanen gari sun fi yawa, sun kuma riga sun shirya dattawansu uku. Kowa ya san idan suka hau, maganar ta mutu.

Kafin a fara, malamin ya ɗaga abin da aka yi jifar da shi don jama'a su gani. Ashe ba dutse ba ne, guntun ƙarfe ne. Malam Bawa ya ce mini tun daga nesa ya gane shi, domin shi ya datse shi daga bakin wata galma kwana uku kafin nan, ya jefa shi bayan maƙera.

Ba ya cikin waɗanda ake sauraron maganarsu. Bai kai talatin ba, bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Amma ya miƙe ya ce, "Wanga ƙarfe daga maƙerata yaf fito. Ba mai shiga can sai ni da ƙanena. Ni ban jefi kowa ba."

Wani kawunsu ya ja masa riga, ya ce, "Bawa, zamna! Mi ya kai ka?"

Ya ce, "Kawu, na riga na faɗi."

Ya ce mini can sai mahaifin Jatau, wani manomi dogo da bai taɓa gani ba, ya taso ya zo ya tsaya bayansa, alhali ba wanda ya ambaci sunan Bawa. Mutanen Bunguɗu suka bi shi, na Tsafe suka bi, har da wasu 'yan gari kaɗan. Wakilin hakimi ya duba ya ce to, Bawa na cikin ukun.

Hukuncin da suka yanke bai yi kama da na yanzu ba. Ba a kori Ango ba. An sa ya je har ƙauyensu Jatau da ƙafa, tare da wansa, ya durƙusa gaban uwar yaron. Aka kuma raba baƙin a gidajen yaran da suka fi tsangwamarsu, su ci a akushi ɗaya. Malam Bawa ya ɗauki biyu. Kusan shekara uku yakan rufe maƙera da hantsi ya je ya tsaya a hanyar rafi har yara su wuce. Faɗa bai ƙare sarai ba, amma ba a sake zubar da jini ba.

Ba zan ce komai ya yi kyau ba. Jatau bai koma makaranta ba, ubansa ya ce ido ɗaya ya isa sadaka. 'Yan uwa da dama suka daina kawo wa Malam Bawa gyaran kayan noma. Ango ya gama karatu ya zama malamin awo a tashar jirgi, ya yi shekara goma sha ba ya shiga gidan wansa, sai da uwarsu ta kwanta ciwon ajali suka shirya. Na taɓa tambayar kakana ko ya yi nadama. Ya ce, "Na yi kewar ƙanena. Nadama kuwa ban sani ba."

Da yana raye ya ga taronmu na makon jiya, ban san me zai ce ba, don ba mai yawan magana ba ne. Na tabbata zai yi mamakin ginin bene da yawan yara, har da mata. Zai kuma yi mamakin yadda aka yi kwanaki ana bin gidaje neman goyon baya, sannan muka shafe awa uku muna maganar katanga da maigadi da wayar hannu, ba wanda ya ambaci sunan yaro ko ɗaya. Kowane uba a ganinsa ɗansa ne aka zalunta.

Ba don in zargi kowa na rubuta wannan ba. Ni kaina na san ɗaya daga cikin waɗanda suka shigo da wuƙa ranar. Ɗan ƙanwata ne, uwarsa ta gaya mini tana kuka. Na zauna a layi na biyu, na ɗaga hannu aka ƙirga, na dawo gida ban ce uffan ba.

Maƙerar Malam Bawa yanzu shagon cajin waya ce, cikin jikokinsa babu mai riƙe masaba. Abin da ya rage mana shi ne mun san an taɓa yin mutum a gidanmu da ya iya abin da na kasa. Sabon kwamiti zai yi zamansa na farko ranar Asabar. Jiya na je na gaya wa ƙanwata cewa zan je, kuma da ɗanta zan je. Ta ce in na yi haka kada in ƙara taka gidanta.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya gafarta wa Ango da Jatau, ya ba ni ƙarfin ƙafa ranar Asabar.