Hannun Rigar Fitawrari

Kowace safiya, kafin Tiruwork ta ɗauki tsintsiya, sai ta tsaya gaban rigar, ta ɗan rusuna ta ce, "An tashi lafiya, ranka ya daɗe?" Ko ranar da ciwon haƙori ya hana ta magana da mutane, ba ta fasa ba.

Rigar yaƙin Fitawrari Endalamaw ce, sarkin yaƙin da ya riƙe duwatsun yankinmu na Gojjam sa'ad da sojojin Italiya suka mamaye Habasha. Mahaifin Tiruwork ne mai jan alfadarinsa. Da aka mai da gidan Fitawrari gidan tarihi, ita aka damƙa wa mabuɗi. Ta yi aure, ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, mabuɗin na nan a wuyanta, zare ɗaya da gicciyenta.

A al'adar garin, duk sojan Fitawrari da ya rasu, akan lulluɓe makararsa da rigar har ƙofar coci. Rigar ta sha rana, ta sha ruwa, abin da ya rage asu ya taya ci.

Wata damina aka turo Sinedu daga Addis Ababa, masaniyar gyaran tsofaffin tufafi, don ta shirya baje kolin kayan marigayin. Ta kwantar da rigar a kan faifan katako, ta rufe a akwatin gilashi.

"Inna," in ji ta, "zaren ya mutu. In ta sake fita waje, a tsintsiyarki za ki kwaso ta."

Tiruwork ta ce, "Na ji."

Ana jibi buɗe baje kolin, Baba Bogale ya cika, shi ne na ƙarshe cikin sojojin. Da hantsi, ruwa na zuba, masu makara suka tsaya a ƙofar gidan tarihin, rabin gari na bayansu. Babban ɗan mamacin, Alemneh, ya matso.

"Inna Tiruwork, mun zo karɓar riga."

Sinedu ta fito. "Ku yi haƙuri, Malam. Ba za ta jure ruwan nan ba."

"Ta jure harsashin Italiya, sai yayyafi ne zai kashe ta? 'Yar birni, ubana ya ci ɗanyen wake a kogo tare da mai rigar nan. Ke a ina kika san shi, a hoto?"

Aka sauke makarar a taɓo. Limamin coci ya sa baki, ba wanda ya dube shi. Wasu daga baya suka fara tura na gaba. Tiruwork ta ga hannun Alemneh ya kama marfin ƙofa. Ta san in suka shiga da kansu, kowa zai ja nasa gefen rigar, ba za a sami ko abin ɗaure yatsa ba. Ta kuma san Bogale ne ya ɗauki mahaifinta a kafaɗa ranar da aka harbe shi.

Ta ce, "Alemneh, tunda ka riƙe ƙofar, cire ta gaba ɗaya. Makarar ba za ta shige haka ba."

"Me kika ce, Inna?"

"Tun yaushe shugaba ke fita wurin soja? Soja ne ke shigowa gaisuwa. Ku shigo da shi."

 Sai wani tsoho ya ce a kawo guduma a cire ƙofar.

Suka ajiye makarar a gindin akwatin. Sinedu ta daɗe tana duban gawar, sannan ta sa safar hannu, ta buɗe akwatin, ta kama gefe ɗaya na faifan, Tiruwork ta kama ɗayan. Suka riƙe rigar a saman mamacin.

"Sai ta taɓa shi," in ji Alemneh.

Sinedu ta girgiza kai. Tiruwork ba ta dube ta ba. Ta zame hannun rigar na dama daga faifan, ta sauke shi a hankali kan ƙirjin Bogale. Ba a ji ƙara ba. Hannun dai ya rabu daga kafaɗa, ya zauna inda aka sa shi.

Alemneh da kansa ya ɗauko shi a tafukansa biyu, ya miƙa wa Tiruwork, bai iya ɗaga ido ba.

An buɗe baje kolin da riga mai hannu ɗaya. Hukuma ta karɓi mabuɗin daga hannun Tiruwork ta ba wani. Kafin Sinedu ta koma, ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma ce ta kyauta ba. Ta zaunar da ita, ta koya mata ɗinki da zaren siliki mai sirantakar gashi, ta roƙa aka bar mata kujera a bakin taga don ta mayar wa rigar hannunta.

Idon Tiruwork ya riga ya yi rauni, sai rana ta take sannan take ganin kafar allura. Ta haɗa bayan kafaɗar, ta zagayo ta hammata. Cikin azumin Ista ta kwanta, ba ta tashi ba. Saura kamar faɗin tafin hannu a gaba, allurar na soke a inda ta tsaya.